Ko zane da wasan yara za su iya gyara abin da ambaliya ta ɓata tsakanin gari da ruga?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da kwamitin kula da makarantarmu ta firamare yake tattaunawa. Ƙauyenmu yana cikin kwarin Haɗejiya, kuma tun bayan ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje tun daga Ringim da Taura har zuwa Auyo da Kafin Hausa da Guri, zaman da ke tsakanin mutanen gari da na rugagen da ke kewaye da mu bai koma yadda yake ba. Ba a zubar da jini a wurinmu ba, alhamdu lillahi, amma abubuwa da yawa sun tsaya. Matan ruga sun rage shigowa da nono, an daina gayyatar juna suna da biki, kuma yaran da a da suke wanka tare a bakin rafi yanzu jifan juna suke yi. Wasu matasanmu sun kawo shawarar a riƙa tara yaran ɓangarorin biyu sau ɗaya a mako domin zane da ginin laka da waƙa da wasan kwaikwayo, da fatan idan yara suka saba da juna, manya ma za su sauko. Abin ya kwanta mini, amma ina tsoron kada mu tara yara, mu raba musu takarda da fensir mai launi, a ɗauki hoto, sannan kaka ta yi a koma gidan jiya.

Ɗan Fadama:
Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron da ka ambata shi ne gaskiyar magana, domin ba yara ne suka haddasa rigimar ba, kuma ba su ne za su kashe ta ba. Duk wanda ya yi noma a wannan kwari ya san yadda abin yake tafiya. Ruwa yana zuwa ne a watan Agusta da Satumba, ya haɗu da wanda ake saki daga madatsun Tiga da Challawa, ya tarar ciyawar kacala ta toshe masa hanya, sai ya bazu cikin gonaki. Manomin da ya yi asarar shinkafarsa da gerosa ba shi da abin da zai ci sai ya bi sahun ruwan yana ja da baya, ya shuka wake ko alkama ko kayan lambu a kan laimar da ta rage. Wannan wurin da ya shuka kuwa shi ne inda shanu suka saba sauka da kaka domin ciyawa da ruwa. Makiyayin ma ambaliyar ta kore shi zuwa tudu, dabbobinsa sun rame, wasu sun mutu. Mutum biyu ne da yunwa ta kora zuwa fili ɗaya a wata ɗaya. A da manomi yakan bar wa makiyayi kara da harawa a gona saboda taki, yanzu kuwa kuɗi ne, kowa ɗaurewa yake ya kai kasuwa. Ka gaya mini wane zane ne zai buɗe burtalin da aka nome, ko ya biya wa mutum waken da aka cinye masa da dare.

Maman Abba:
Yaya Ɗan Fadama, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, amma akwai abin da ku maza ba ku gani saboda kuna gona. Ina aiki a ƙaramin asibitin karkara, kuma bayan ruwan na ga yaran da suka koma fitsarin kwance bayan sun daɗe da dainawa, na ga waɗanda hadari yana haɗuwa sai su maƙale wa uwarsu suna kuka, na ga wadda ta daina magana gaba ɗaya tun daren da katanga ta faɗo a ɗakin da suke kwance. Waɗannan yaran sun yi makonni a azuzuwan makarantar da aka mayar sansani, suna jin duk abin da manya ke faɗa a kan wanda aka bai wa buhun masara da wanda aka hana. Yaron da ke cikin firgici, idan aka nuna masa wanda zai ɗora wa laifi, da sauri yake kamawa. Saboda haka ko da zanen bai buɗe burtali ba, akwai aikin da zai yi. Shi ya sa hukumomi irin su UNICEF suke ware wa yara wurin wasa a sansanonin 'yan gudun hijira, kamar yadda aka yi a Maiduguri, domin yaro ya samu lokaci sananne da wuri sananne da babban da ya amince da shi.

Sai dai ina jan kunnen Malam a kan abu ɗaya. Kada a zaunar da yara a ce kowa ya zana ranar da ruwa ya ci gidansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a tilasta wa wanda bala'i ya shafa ya sake zayyana abin da ya same shi a zama ɗaya da sunan magani. Idan yaro ya zana ruwan da kansa, a saurare shi. Idan ya zana akuya, a bar shi da akuyarsa.

Malam na Zaure:
Allah ya saka wa mai tambaya da alheri. Tunda an ambaci zane da waƙa da wasan kwaikwayo, gara a yi maganar addini tun yanzu, domin idan ba a yi ta a nan ba, za a yi ta a masallaci bayan an fara, kuma a lokacin babu mai iya tsayar da ita. Kun tuna yadda aka yi da shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, wanda gwamnatin tarayya ta janye bayan malamai sun yi ta suka. Duk abin da mutanenmu suka ji ƙanshin kiɗa da cuɗanya a cikinsa, musamman idan kuɗin daga waje ya fito, za su janye 'ya'yansu.

Amma ƙofar ba a rufe take ba. Ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yar tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya bar 'yan mata biyu suna waƙa a ranar Idi, ya kuma bar mutanen Habasha suna wasa da masu a masallaci. Saɓanin malamai yana kan siffanta abu mai rai, kuma Ibn Abbas ya yi wa mai sana'ar zane nuni da ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Ga zayyanar allo, wadda almajiranmu suka gada, ga adon ƙwarya, ga zanen hula, ga saƙar faifai. Shawarata ita ce a raba manyan 'yan mata da samari, a sa mace ta kula da mata, kada lokacin ya ci karo da karatun allo ko na Islamiyya, kuma limamin gari da na ruga su san abin da ake yi tun kafin a tara yaro ko ɗaya.

Jikan Arɗo:
Allah gafarta Malam, na gode da ka ambaci limamin ruga, domin tun da aka fara wannan magana kai ne na farko da ya tuna cewa mu ma muna da waɗanda ake tambaya. Ni ɗan ruga ne, na yi firamare a makarantar 'ya'yan makiyaya, irin waɗanda hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 take kula da su, kuma ina so Baban Hafsa ya amsa mini tambaya. A ina za a tara yaran? Na san amsar, a makarantar gari ce. Da wane harshe za a yi waƙar? Da Hausa. Wa zai riƙe mabuɗin akwatin kayan? Malamin gari. To, yaronmu zai zo a matsayin baƙo, ya zauna a baya, a yi masa dariya idan harshensa ya karkace, ya koma gida ya ba da labari, kuma uwarsa ba za ta sake barinsa ya zo ba. Kusan duk yaranmu suna jin Hausa, amma yaro nawa ne a garinku ya iya gaisuwa da Fulatanci?

Sannan ga maganar lokaci. Yaron ruga yana fita da shanu da hantsi, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi, yarinya kuma tana tallar nono. Idan kuka sa abin da safe, 'ya'yanku kaɗai za ku tara.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne rabon tallafi. Lokacin da aka zo rubuta sunayen waɗanda ruwa ya shafa, gida-gida aka bi a cikin gari, mu kuwa da yake bukkokinmu ba su cikin lissafin kowa, ba a rubuta mu ba, alhali maruƙanmu sun mutu a gabanmu. Ban ambaci kowa ba, kuma ban ce da gangan aka yi ba. Amma yaranmu sun ga motar ta wuce, kuma ba sa bukatar a fassara musu.

Ɗalibin Dutse:
Ina karatun nazarin zamantakewa, kuma abin da Yaya Jikan Arɗo ya faɗa ya yi daidai da abin da bincike ya nuna, ko da yake shi daga rayuwa ya ɗauko. Tun a 1954 wani masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, Gordon Allport, ya ce haɗa ɓangarori biyu wuri ɗaya ba ya rage ƙiyayya sai an cika sharuɗɗa, wato su haɗu a matsayi ɗaya, su kasance da buri ɗaya, su yi aikin tare ba gasa ba, kuma shugabanni su goyi bayan haɗuwar. A 1954 ɗin dai wani masanin, Muzafer Sherif, ya yi gwaji da yara maza 'yan kimanin shekara 11 a wani sansani a jihar Oklahoma. Ya raba su gida biyu, ya sa su gasa har suka tsani juna, sannan ya gwada sasanta su ta hanyar cin abinci tare da kallon fim tare, sai abin ya ƙare da jifa da abinci. Ba su sauko ba sai da aka ƙirƙiro musu matsalar da ɓangare ɗaya ba zai iya warwarewa ba, kamar toshewar ruwan sha da motar abinci da ta mutu sai da dukansu suka ja ta da igiya.

Akwai kuma na kusa da gida. A wani bincike da aka wallafa a 2018, Alexandra Scacco da Shana Warren sun bi matasa Musulmi da Kirista a Kaduna waɗanda aka koya wa kwamfuta na mako 16. Ra'ayinsu a kan juna bai canza ba, amma waɗanda suka yi karatu a aji mai gauraye sun fi yin adalci wajen rabon kuɗi da ɗan ɗaya ɓangaren, idan aka kwatanta da waɗanda aka tara su zalla. Abin lura shi ne waɗanda aka tara zalla sun ƙara nuna bambanci fiye da waɗanda ba su shiga shirin ba sam. Ke nan idan Baban Hafsa ya fara, yaran ruga suka daina zuwa, aka ci gaba da 'yan gari kaɗai, yana iya yiwuwa a ƙara ɓata abin da aka zo gyarawa.

Game da bala'i kuma, ba dole ba ne ya haɗa kan mutane. Igiyar ruwan teku ta Disamban 2004 ta afka wa yankin Aceh na Indonesiya da kuma Siri Lanka, waɗanda dukansu suke da tsohon rikici tsakanin gwamnati da 'yan tawaye. A Aceh an sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Helsinki a watan Agustan 2005, a Siri Lanka kuwa an yi ta jayayya a kan wanda zai raba agaji, yaƙi ya dawo, bai ƙare ba sai 2009.

Ɗan Fadama:
Ɗalibi, ka ƙarfafa maganata ne ba ka sani ba. A Aceh shugabanni ne suka zauna suka sa hannu, ba yara aka tara suka yi waƙa ba.

Baban Hafsa:
Haka ne, Yaya, kuma ban yi niyyar ɗora wa yara kayan da ya fi ƙarfin hakimi ba. Amma na ɗauki abu biyu daga Jikan Arɗo da Ɗalibi. Na farko, wasan yara na ruga da na gari sun riga sun yi kama. Yaron ruga ya fi kowa iya gina saniyar laka da ƙahonta da tozonta, kuma yana busa sarewa, yaron gari kuma ya iya motar kara, 'yan mata suna da gaɗa a ɓangarorin biyu. Idan aka fara da abin da yaron ruga ya fi iyawa, shi ne zai zama malami a ranar farko. Na biyu, a samar musu aiki ɗaya da babu ɓangaren da zai iya gamawa shi kaɗai. Abin da ya zo mini shi ne su gina taswirar ƙasarmu da laka a ƙasa, babba, wadda za ta nuna kogi da fadama da inda ruwa ke fara karyowa da tudun da ake gudu a fake. Yaran gari sun san lungunan gari da inda magudana ke toshewa, yaran ruga kuwa sun san daji, sun san inda ƙasa ke nutsewa da inda ake tsallakawa, domin kullum suna can. Idan aka gama, a kira iyaye su gani kafin damina.

Hajiya Uwargida:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma ka tsaya ka yi tunani a kan taswirar nan. Na girme ku duka a wannan zaure, kuma na ga rigimar gona tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991. Ranar da yaron ruga ya ja layi da yatsansa ya ce nan ne burtali, yaron gari zai ce nan gonar babansa ce, kuma duka biyun gaskiya suke faɗa gwargwadon abin da suka tashi suka gani. Ka tara iyaye a kan wannan, ka kira faɗa da hannunka, kuma a gaban yara. Iyakar gona da burtali da mashaya maganar dagaci ce da arɗo da hakimi, da hukumar da gwamnatin jiha ta ɗora wa sasanta manoma da makiyaya. A bar su can.

Ni abin da zan ba ku shi ne tashe. Ba baƙo ba ne, babu wanda zai ce daga Turai aka kawo shi, kuma tun asali wasa ne da yara ke kwaikwayon halin manya, su yi wa marowaci da mai kwaɗayi da gwauro ba'a, manya su yi dariya su ba da hatsi. Mun taso muna ganin Bafulatani da Babarbare suna yi wa juna wasa mai zafi a kasuwa, kowa ya tafi yana dariya, domin an san iyakar abin. Idan yaran suka shirya tashe tare, suka zaga gari a wani dare, suka zaga ruga a wani, aka raba abin da aka samu daidai a gaban kowa, kun samu aiki ɗaya da buri ɗaya da Ɗalibi yake faɗa. Sharaɗi ɗaya ne, kada a yi wasan da za a kwaikwayi maganar wata ƙabila, domin wannan dariyar gefe ɗaya take tsayawa.

Jikan Arɗo:
Hajiya, na karɓi maganar tashe hannu biyu, musamman zagayen ruga, domin yawancin yaran gari ba su taɓa zama a kan tabarmarmu ba. Amma ki yi mini afuwa a kan taswira. Idan aka gina ƙasar nan da laka, aka sa gonaki da masallaci da makaranta, aka bar burtali, to an gaya wa ɗana cewa hanyar da yake bi kullum ba ta cikin ƙasar. Haka aka bar mu a takardar tallafi. Gara kada a yi taswirar sam da a yi ta babu mu.

Malam na Zaure:
Dukanku kuna da hujja, kuma ina ganin tsari ne zai raba gardamar. Taswirar ta tsaya a kan ruwa kaɗai, wato kogi da hanyar ambaliya da tudun tsira, a sa gari a sa rugage kowanne a wurinsa, amma kada a ja iyakar gona ko ɗaya, kada kuma a ja burtali. Ta haka babu wanda aka shafe kuma babu wanda aka bai wa fili. In dagaci da arɗo sun zauna sun daidaita a kan burtalin, su da kansu su zo su ja layin a gaban yaran. Game da lokaci kuwa, makarantun allo suna hutu ranar Alhamis, saboda haka bayan la'asar ta Alhamis ta fi dacewa, idan masu kiwo za su iya dawowa da wuri ko a yi musu canji.

Maman Abba:
Ina ƙara abu biyu daga ɓangaren mata. Yarinyar da ke tallar nono, idan ta zauna wasa, uwarta ce ta yi asarar cinikin yammacin, saboda haka a yi magana da iyaye mata kai tsaye, kada a tsaya a kan maza. Idan za a yi adon ƙwarya, matan ruga ne gwanaye, a roƙi ɗaya daga cikinsu ta koyar, kuma a ba ta ɗan abin hasafi kamar yadda za a bai wa kowane malami. Sannan a guji raba biskit da kyaututtuka a ranar farko. Wata ƙungiya ta taɓa yin haka a yankinmu, yara suka cika fili, da kayan suka ƙare kuwa ko mutum ɗaya bai dawo ba, kuma har yau ana zargin waɗanda suka shirya da cinye sauran.

Ɗan Fadama:
Har yanzu ina kan bakana cewa ranar da shanu suka shiga gona da kaka, babu wanda zai tuna da saniyar laka. Amma zan bar 'ya'yana su je bisa sharaɗi ɗaya, wato kwamitin da zai kula da yaran ya zama shi ne kuma zai tsaya a rubuta sunan kowane gida da kowace ruga tun yanzu, kafin ruwa ya sake zuwa, a ajiye kwafi a wurin dagaci da wurin arɗo. Abin da Jikan Arɗo ya faɗa game da motar da ta wuce su ban san da shi ba, kuma bai yi mini daɗi ba.

Baban Hafsa:
Na rubuta duk abin da aka kawo, kuma zan gabatar wa kwamiti. Wurin haɗuwa zai riƙa sauyawa, mako ɗaya a gari, mako ɗaya a ruga, masu kula su zama biyu daga kowane ɓangare, mace da namiji, kuma ba za a fara ba sai dagaci da arɗo da limamai sun amince. Abin da ya rage mini shi ne wasu daga cikin rugagen suna tashi idan rani ya yi nisa, ba sa dawowa sai ruwa ya sauka, kuma azumi yana faɗowa a cikin rani a waɗannan shekarun. Jikan Arɗo, ka taimaka ka tambayo mana gidaje nawa ne suke zama duk shekara, da kuma ko masu tafiya za su yarda su bar ƙananan yara wurin kakanninsu har a gama tashe.

Jikan Arɗo:
Zan tambaya ranar kasuwa, in sha Allahu. Tsofaffi da ƙananan yara dama ba kasafai suke bin shanu ba, samari ne ke tafiya. Amma kada ka aika wa arɗo takarda, Malam. Ka zo da kanka tare da wakilin dagaci, ku zo da goro, kuma ku zo da yamma bayan an tatsi shanu.